Yashin da Kawu Bai Rantse a Kansa Ba

Direban kamyon da ke zirga-zirga tsakanin Filinge da Yamai ne ya kawo mini labarin. Yana tsaye a tasha ana sauke masa buhunan gero, ya hango ni, ya ce, "Mai rediyo, kawunka Matuƙi ya riga mu." Ya ce har an binne shi. Na nemi izini a wurin aiki, na bi kamyon da ya juya.

Na tarar zaman makoki ya fara sakewa. Bazara ce, maza na ƙarƙashin gawo a ƙofar gida, kowa na fifita da abin da ya samu. Na gaisa, na zauna, na saurara.

Akwai wani tsohon Bafillace daga wajen Sanam, aminin Kawu na shekaru, da ya baro garkensa ya zo. Shi ya fara cewa, "Sarkin ruwa ya mutu bisa tudu, ko raɓa babu." Aka yi ƴar dariya. Sa'an nan ya dubi dattawan ya ce, "Amma kun yi hasara, Kurfayawa. Shi ɗai na cikinku in ya ce bai sani ba, to bai sani ba." Wani dattijo ya amsa masa, "Abin da ya hana gidanga kwanciyar rai ke nan." Samari na gefe suna maimaita labarinsa na tsibiran da ke tafiya, rabinsu har yanzu na ganin ƙari ne irin na wanda ya je Kurmi ya dawo. A cikin gida kuwa wata gwaggo ta faɗa a kunnena cewa an ba shi gaskiya an hana shi tausayi.

Inna, mahaifiyata, yayarsa ce. Na same ta tana kaɗi a bakin ɗaki, idonta a bushe. Ta tambaye ni ko na ci abinci. Da na yi mata gaisuwar rashi ta ce, "Na sa mishi ita a ƙirji." Na san abin da take nufi. Wata ƴar jakar fata ce, ba ta kai tafin hannu ba, cike da farin yashi. A kan yashin nan ita da ƙanenta suka yi rabin rayuwarsu ba su jituwa. Don shi nake wannan rubutu, saboda na ji an fara ba da labarin yadda bai faru ba.

Gidan su Inna gida ne na gargajiya. Akwai dutse a gindin tsamiya bayan rumbuna, akwai wuƙa da babban namijin gida ke riƙewa. Kowace shekara, bayan an yanke gero kuma kafin a ci sabo, mai wuƙa yakan yi yanka a kan dutsen, ya kira sunayen matattun gidan ɗaya bayan ɗaya, a zuba wa kowa ruwan gumba. Wanda aka kira ya sha. Wanda ba a kira ba, a fahimtar gidan, yana nan yana yawo da ƙishirwa. Sharaɗin kira ɗaya ne: a iya nuna inda mutum yake kwance. In ya mutu a nesa, sai a bar kabarinsa ya sha damina ɗaya, ƙasa ta kama shi. Bayan haka wani ya ɗebo ƙasa daga kan kabarin ya kawo gida, ya ɗora hannu a kan wuƙa, ya rantse daga nan ya ɗebo ta. A binne ta a makabartar gida. Mamacin ya dawo ke nan.

Su uku ne wajen uwarsu: Inna, Kawu, sai Auta. Uwar ta rasu Auta yana ƙarami, Inna ce ta goye shi. Kawu ya tafi Kurmi yana saurayi, kamar yadda samarin ƙasarmu ke yi in an gama aikin gona. Wasu su tsaya dako, wasu su sayar da itace. Shi tafiya ta kai shi bakin teku, yamma da Abijan, ya samu aiki a jirgin ruwa mai inji na wani ɗan kasuwa. Ya fara da kwasar ruwan da ke taruwa a cikin jirgin, ya koma mai auna zurfi da gora a gaba, a ƙarshe aka ba shi tuƙi. Da ya kafu sai ya zo ya ɗauki Auta.

Auta bai daɗe ba. Zazzaɓi ya kama shi suna tsakiyar tafiya, nesa da kowane gari, ya cika a cikin jirgi. Kawu ya tsaya a tsibiri mafi kusa. Ya yi abin da duk Bakurfe zai yi: ya nemi tudu. A wajenmu ba a binne mutum a fadama, sai inda ruwa ba ya kwanciya. Ya zaɓi tudun yashi mafi tsawo, wanda ke duban teku, kusa da wata kwakwa mai karkata. Masuntan da ke zaune a tsibirin suka taya shi haƙa, amma suna ta nuna masa da hannu ya kai gawar can babbar ƙasa. Bai yarda ba, don can ɗin laka ce da sauro. Da ya bayyana musu cewa zai dawo ɗibar ƙasa bayan damina, babbansu ya duƙa, ya cika hannu da yashi, ya miƙa masa, alamar ya ɗiba yanzu. Kawu ya girgiza kai. Kabari bai sha damina ba.

Daminar ta zo da ƙarfi. Kogi ya cika ya turo ruwa daga baya, teku ta turo daga gaba, suka haɗu a wurin. Da Kawu ya dawo, babu tudu, babu kwakwa. Ruwa ya yanka tsibirin biyu, ya buɗe sabon baki zuwa teku daidai inda ya binne ƙanensa.

Na ga wurin da idona. Bayan babban yaƙin duniya aka tura ni Abijan koyon aiki, na nemi Kawu, ya ce in zo in bi shi tafiya ɗaya. Wanda bai taɓa zuwa ba zai yi wuya ya gane, don haka zan faɗi yadda abin yake. Tsibiran dogaye ne, sirara, na farin yashi, sun jeru a bakin ƙasa kamar shinge. A gabansu teku ce, ana jin rurinta ko ba a ganinta. A bayansu ruwa ne kwantacce kamar na tabki, a nan jirgi ke bi. A hagu kwakwa da bukkokin masunta, da taru a shanye. A dama itatuwa masu duhu da ke tsaye cikin ruwa a kan saiwoyinsu, fararen tsuntsaye a kai. Jirgin na ɗauke da kwakwa, da busasshen kifi, da garewanin kananzir, da mata ƴan kasuwa da ba su bar magana tun daga tashi har sauka. A kowane ƙauye sai a kashe inji, yara su fito da kwale-kwale, a sauke wannan a ɗauki wancan.

Kawu na baya a tsaye, sandar tuƙi a ƙarƙashin hammata, ƙafafu a buɗe. Ba ya duban gaban jirgi, launin ruwa yake duba. Inda ya yi fari-fari yashi ya taso, inda ya yi kore akwai hanya. Ya ce mini hanyar bara ba ta bana ba ce, wani lokaci ta makon jiya ma ba ta yau ba ce. "Can gida," in ji shi, "in kakanka ya ce maka rijiya na gabas da dutsi, ka tahi da ido ruhe ka iske ta. Nan ƙasa baƙuwa ta. Kwana takai ta wuce." A duk shekarun nan bai koyi iyo ba. Na tambaye shi dalili, ya ce matuƙin da ya iya iyo ba ya kula da jirgi yadda ya kamata.

Da hantsi muka iso wani wuri inda shingen yashin ya yanke, ana hango farar igiyar teku ta tsakiya. Jirgi ya fara rawa. Kawu ya rage inji har ya kusa mutuwa, ya kwance goran ruwan shansa, ya tsiyaya kaɗan a gefen jirgi, ya mayar da marufi. Matan ba su ko waiwaya ba, sun saba. Ya nuna mini da haɓa.

"Nan na. Ko can. Tsakanin nan da can dai."

Na ce, "Kullum kake zubawa?"

"Ruwan gishiri ba ya kashe ƙishirwa, ɗan lakkol. Ko wannan ba su koya muku ba a makarantar?"

Ranar Lahadi Nasara kan ɗauki jirgin su fita shan iska tsakanin tsibiran, da kwandunan abinci da lema, su tsaya inda suka ga dama su yi wanka. Kawu bai taɓa gane wannan ba, ya ce tafiya ce da babu inda za a je. Amma ko da su a ciki sai ya rage inji a bakin nan. Wata madam ta taɓa tambayarsa dalili, ya ce mata yana da mutum a wurin. Ta leƙa ruwan, ba ta ga kowa ba, ta koma ƙarƙashin lemarta.

A cikin jirgin nan ya haɗu da Bafillacen da na ambata. Bafillacen ya koro shanu zuwa Kurmi, ya sayar, wani uzuri ya sa shi shiga ruwa karo na farko a rayuwarsa. Shi da kansa yake ba da labarin: ya ƙanƙame buhun kwakwa yana salati, matan na yi masa dariya. Kawu ya ji Hausarsa ya gane ɗan gida ne, ya kira shi baya, ya zaunar da shi kusa da ƙafarsa, ya hana shi duban ruwa. Ya ce ya lissafa masa shanun ubansa da sunayensu da launinsu, da wace ta haifi wace. Kafin su gama garken sun iso. "Bai san komi ba a sha'anin shanu," in ji Bafillace, "amma ya yi tambaya kamar mai shirin saye."

Da ƙarfin Kawu ya fara raguwa ya dawo gida gaba ɗaya, da akwatin ƙarfe da jakar fatar nan a wuya. Yashin ya ɗebo shi ne daga gefen bakin ruwan, inda ya fi kusa da wurin a ganinsa. A lokacin wuƙa na hannun ƙanen ubansu, wanda kowa ke kira Tsoho. Aka taru a gindin tsamiya. Tsoho ya zuba yashin a tafinsa, ya murza, ya ga ɓawon ƙananan dodon koɗi a ciki, ya ɗanɗana.

"Wagga ƙasa da gishiri take."

"Haka ƙasassu take, Baba."

"To, aza hannu."

Tsoho ya miƙo wuƙa. Waɗanda ke wurin sun ce ba ya neman komai sai kalma ɗaya, don shi ma yana son a rufe maganar. Kawu ya dubi wuƙar ya ce, "Kusa da shi na ɗebo. Bisa kainai, ban sani ba." Tsoho ya ce ya sake tunani. Kawu ya ce ya yi shekaru yana tunanin, a kan ruwan ma yake yinsa. Tsoho ya mayar da yashin cikin jaka ya ba shi. A yankan shekarar aka kira sunaye, aka tsallake Auta.

Inna ta gwada wata hanya. Ta kira zima, mai kula da sha'anin bori a yankin, aka yi wasa da goge da ƙwarya a ƙofar gida, don a tambayi iskoki ko yashin na Auta ne. Iska ta hau, aka shimfiɗa mata tambaya, ta ce ita ba ta ƙetare ruwan gishiri, a tambayi wanda ya je. Kowa ya juya ya dubi Kawu. Yana zaune yana gyaran igiyar guga.

Daga nan ya zauna zaman gida kamar kowa. Yana noma, ba da gwaninta ba. Yana tafiya ƙafafu a buɗe kamar ƙasa za ta karkata, yara na kwaikwayonsa a baya, ya sani bai damu ba. Duk rijiyar da ya isa sai ya ɗanɗana ruwanta ya faɗi ra'ayinsa, ko ba a tambaye shi ba. Ya ce na Bonkuku ya fi na Damana daɗi, mutanen Damana ba su yafe masa ba. In aka tambaye shi ko za a yi ruwa, ya dubi sama ya daɗe, sa'an nan ya ce bai sani ba. Kuma bai taɓa kai ƙwarya baki ba sai ya tsiyaya kaɗan ta wajen kudu.

Da Tsoho ya rasu, wuƙa ta dawo hannun Kawu. Duk gida aka ɗauka magana ta ƙare, tunda mai rantsuwa da mai karɓar rantsuwa sun zama mutum ɗaya. Na zo yankan shekarar. Inna ta daka gumba fiye da ta kullum. Kawu ya yanka, ya kira kakanni, ya kira ubansu da uwarsu, ya kira Tsoho. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya goge wuƙa.

Inna ba ta jira an watse ba.

"Wuƙa na hannunka. Wa ya hana ka?"

"Ita ta hana ni, Yaya."

"Ƙarhe na! Ƙarhe ba ya magana. Ni na goye yaron ga, bayana har yau shina jin nauyinai. Kai ka ɗauke shi ka kai shi inda ƙasa ba ta zama wuri ɗaya, ka aje shi bisa tudun da ruwa ya ci, anka miƙo maka yashi ka ƙi amsa. Yanzu kalma guda ta gagare ka?"

"Duk abin da kinka ce haka na."

"To?"

"In na rantse, na kira shi, ba yashinai na ba, wa zai zo shi sha? Baƙo za mu shayar, shi kau shina can. Mu mu samu barci, shi bai samu ruwa ba."

"Gara in shayar da baƙo da in zauna hannu ruhe."

"Ke kina iyawa. Ni na ga wurin."

Ta ɗauki ƙwaryar gumbar da ta rage ta kife a gabansa. Sun daɗe bayan wannan ba su magana sai gaisuwa. Amma tuwonsa bai taɓa yankewa daga ɗakinta ba, shi kuma duk kaka damin farko na gonarsa a rumbunta yake shiga. Kowace shekara yana yanka, kowace shekara yana yin shirun nan a wuri ɗaya, sa'an nan ya goge wuƙa. Gwaggon da ta ce an hana shi tausayi ba ta taɓa tsayawa kusa ta ga hannunsa a lokacin shirun ba. Ni na tsaya. Yakan miƙa shi wajen ƙwaryar gumba, sa'an nan ya janye.

Ciwonsa na ƙarshe bai yi tsawo ba, Inna ce ta yi jinyarsa. Ta gaya mini cewa wata rana da la'asar ta taɓa jakar ta tambaye shi abin da za a yi da ita. Ya ce, "Ni dai ban rantse ba. Sauran ya rage gare ki." Da ya cika, kafin maza su ɗauke shi, ta shiga a matsayinta na babba, ta cire jakar daga wuyansa, ta ɗora masa a ƙirji, ta ja mayafi ta rufe.

Wuƙa ta koma hannun babban ɗansa, taubashina. Mutum ne da ubansa ya rene shi a kan hanyarsa, ba ya ƙara gishiri a magana, don haka babu wanda ya san abin da zai yi. Ni da nake da damar tsokanarsa na tambaye shi, ya ce in bari kabari ya sha damina tukuna.

Damina ta zo ta wuce, aka yanke gero, na sake hawa kamyo. Aka taru a gindin tsamiya da safe. Bafillace ma ya zo, ya tsaya can nesa bayan rumbuna da tasbaharsa, don yankan ba nasa ba ne. Taubashina ya yanka, ya bi sunaye yadda ya ji ubansa na bi. Ya kira uban nasa karo na farko, muryarsa ba ta canja ba, aka zuba gumba. Sai ya iso wurin shirun. Maimakon ya goge wuƙa, ya juyo wajen Inna.

"Gwaggo, akwai wanda ya rage. Ana iya nuna inda yake kwance?"

Inna ta miƙe da sandarta, ta zo, ta ɗora hannu a kan wuƙa ba tare da an ce ta ɗora ba.

"Inda teku ta kai shi ban sani ba, ba ni rantsuwa bisa wannan. Ubanka ya hana gidanga ƙarya, ba ni hwara ta bayanai. Ga abin da na sani. Wanda ya gina mishi rami, ya kwantar da shi, ya shayar da shi shekara da shekaru, ga shi can kwance, da yashin bisa ƙirji, ni na aza da hannuna. Sun sha damina tare. Ciki guda ya ɗauke su, ɗana. Rami guda ba ya kasawa."

Ta nuna makabarta da sanda.

Taubashina ya dubi inda ta nuna, ya dubi dattawa. Babu wanda ya ce masa i, babu wanda ya ce a'a. Ya tsaya kamar yadda ubansa kan tsaya yana duban launin ruwa. Sa'an nan ya juya ga dutsen ya kira sunan Auta, da ƙarfi, yadda na bayan rumbuna ma ya ji.

Aka miƙo ƙwarya. Inna ta karɓa daga hannun mai zubawa, ta tsiyaya a kan dutsen a hankali, ba ta tsaya inda ake tsayawa ba. Wata ta ce mata, "Ya isa, Yaya, saura na masu rai." Inna ta ce, "Ya daɗe bai sha ba," ta ci gaba har ƙwaryar ta ƙare.